Mushe, mun ba ka gari

A makarantar horon malamai inda na yi karatu akwai wani dattijo da ke koya mana tarihi, wanda a lokacin saura masa shekara biyu ya aje aiki. Kowace Juma'a, idan saura minti goma a tashi, sai ya rufe kayensa, ya share allo, ya rubuta layi uku ko huɗu, ya sa alamar tambaya a ƙasa. Ba ya ƙara ko kalma ɗaya. Sati guda yake ba mu.

Na farkon da ya rubuta mana har yau yana kaina: "Sunana na Faransawa ne. A yaƙin duniya na farko na nutsar da jiragen ruwa 194, na Faransa da na ƙawayenta. Ban mutu a ruwa ba, jirgin sama ne ya faɗi da ni kusa da Paris a 1941. Wane ne ni?"

Mun kwashe satin nan muna neman Bafaranshe maci amana. Lokacin babu salula a aljihun kowa. Abin da muke da shi wani tsohon kundin sani ne mai juzu'i da yawa a ɗakin karatu, wasu juzu'an ma sun ɓata, gara ta ci bayan wasu. Da Juma'a ta zagayo muka ce, kamar yadda yara ke yi a dandali idan kacici-kacici ya gagare su: "Mushe, mun ba ka gari." Ya ce wane gari? Muka ba shi Tawa. Ya ce ya sha zama Tawa, a canza masa. Muka ba shi Damagaram, ya karɓa, sa'an nan ya ce: "Wa ya gaya muku ni Bafaranshe ne? Cewa na yi sunana." Ashe Bajamushe ne, Lothar von Arnauld de la Perière, kwamandan jirgin ƙarƙashin teku mai lamba U-35, wanda ya addabi tekun Bahar Rum. Kakan kakanninsa sojan Faransa ne da ya bar ƙasarsa ya shiga rundunar sarkin Furusiya, zuri'ar ta zama ta Jamus, sunan ya tsaya yadda yake. Mu ne muka ƙara wa alamar abin da ba ta faɗa ba, muka yi ta bin sawun da ba shi ne ba. Ranar na fara gane bambancin karanta abu da karanta abin da kake zaton an rubuta.

Dattijon ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa na gaji wasan, ina yin sa da ajin ƙarshe na kolej, masu shirin BEPC, tunda su ne ke da yaƙe-yaƙen duniya biyu a cikin tsarin karatunsu.

Abokan aiki sukan tambaye ni don me sai matuƙan jiragen yaƙi da kwamandojin jiragen ƙarƙashin teku, ga yaran da in za su ga teku sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 1000 a mota. Dalilin farko shi ne, waɗannan mutane sun bar sawu a rubuce. Kowane jirgi yana da lamba, yana da littafin da ake rubuta inda ya kwana da abin da ya harba, ga rana, ga wata, ga sunan jirgin da ya nutse. Yaro zai iya gwada amsarsa da kansa, ba sai na ce masa "daidai" ba. Na biyu, ba na ɗaukar mashahurai. In ka ce wa ɗalibi Hitila ko De Gol, harda zai zubo maka kamar an kunna famfo, ko tunani bai yi ba. Amma in mutumin ba ya cikin littafin aji, dole ya bi sawu kamar mai neman saniyar da ta ɓata: wannan kofato ya nufi gabas, ga inda ta ci kara, ga inda ta sha ruwa. Na uku kuma, gaskiya, nisan abin ne ke jan su. Mutum hamsin cikin gwangwanin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, sati da sati ba wanka, ba ganin rana, ga warin man gas da na zufa: ko mai barci a layin baya sai ya ɗaga kai.

Zuwan salula ya so ya kashe mani wasan. Shekarar farko da wayoyin zamani suka yi yawa, na rubuta alamu ranar Juma'a, kafin in kai bakin ƙofar makaranta wani ya biyo ni da amsa. Sai na canza dabara. Na daina sa lambar jirgi ko sunan wuri kai tsaye. Ina farawa daga nesa, in matso a hankali, kuma amsa ba ta karɓuwa sai an kawo hujjar kowace alama, an nuna wurin a taswira.

Wanda samari suka fi so shi ne ɗan damben. "Na gudu daga gida ina yaro, na ɓuya a jirgin dakon kaya na haye teku. Na yi dambe don in ci abinci. Na yi wa wata ƙasa yaƙi a ƙasa har aka ji mani rauni, sa'an nan na yi mata a sama, da ɗan biri a gefena. Ƙasar da ta haife ni ta ƙi ba ni jirgi saboda launin fatata." Eugene Bullard ke nan, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1895 a jihar Jojiya, wanda ya shiga rundunar baƙi ta Faransa a 1914, aka raunata shi a Verdun, ya zama matuƙi a 1917. Da tsufa ya zo masa, aikin da ya samu a New York shi ne hawa da saukar da mutane cikin na'urar dogon bene, ba wanda ya san wane ne shi. Ya mutu a 1961, sai a 1994 sojan saman Amurka suka ba shi muƙamin hafsa. Ƴan mata kuma na kawo musu Lidiya Litvyak, ƴar Mosko da ta yi ta kakkaɓo jiragen Jamus a yaƙin Stalingrad da bayansa, aka harbo ta ran 1 ga Agusta 1943 tana da shekara 21. Akwai kuma Ahmet Ali Çelikten, baƙin matuƙin Daular Usmaniyya da aka haifa a Izmir a 1883, wanda masu rubuta tarihinsa suka ce kakarsa baiwa ce da aka kai can daga Barno. Ranar da aka gano wannan, wani yaro Babarbare a ajin ya yini yana ɗaga kafaɗa, abokan wasansa kuwa ba su bar shi ya sha ruwa ba.

Wanda ya fi tayar da gardama shi ne Mochitsura Hashimoto na Japan. Shi ya nutsar da jirgin yaƙin Amurka Indianapolis ran 30 ga Yuli 1945, ƴan kwanaki bayan jirgin ya sauke kayan haɗa bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima. Cikin mutum kusan 1200, 316 ne suka rayu bayan kwana huɗu a ruwa. Abin mamakin yana gaba: da yaƙi ya ƙare, Amurkawa suka gurfanar da kyaftin ɗinsu McVay a kotun soja, suka ɗauko Hashimoto daga Japan ya ba da shaida. Ya gaya wa kotu cewa ko da kyaftin ya yi ta karkata jirgin hagu da dama, da sai ya same shi. Duk da haka aka kama McVay da laifi, ya kashe kansa a 1968, sai a 2000 aka wanke sunansa. Yara suka rabu biyu: shin shaidar maƙiyi tana karɓuwa? Har aka buga ƙararrawa ba su gama ba, ni kuwa ban raba musu ba.

Ana cikin haka wata Litinin aka ce ina da baƙo a gindin bedi. Mahaifin wani ɗalibina ne, ɗan kasuwa mai sayo motoci daga Kotonu. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da gajiya, ya ce: "Malam, ni ban yi lakkol ba, amma ina da tambaya. Yaron nan kwana uku ke nan yana cinye mani mega, wai neman wani nasara yake da ya mutu tun kakana yana saurayi. Wannan zai fito a jarrabawa?"

Na ce: "Alhaji, ba zai fito ba."

Ya ce: "To, don me?"

Iyaye, wannan tambaya tana bisa hanya, kuma ban raina ta ba. Mai biyan kuɗin kaye da biro yana da hakkin ya san inda lokacin ɗansa ke tafiya. Ban yi masa dogon Faransanci ba. Na sa aka kira yaron ya kawo takardarsa, na ce ya karanta wa babansa alamun satin da Hausa. Ya karanta: "Na harbi wani babban jirgi da dare a yammacin Afirka. Da na ji masu kuka a ruwa suna magana da harshen ƙawayena, sai na tsaya ina tsamo su. Jirage uku suka taso daga tashoshi uku na ƙasashen da Faransa ke mulka don su karɓe su. Wata shida bayan nan ni ma ruwa ya ci ni." Yaron ya riga ya gano tasha ɗaya, Dakar, biyun sun tsaya masa. Alhaji ya karɓi taswirar, ya juya ta, ya sa yatsa a bakin teku yana sauka da shi. Ya ce Legas da Akara na Ingilishi ne, a cire su. Ya ce: "In dai tashar jirgi ce a ƙasar Faransa, ka duba Konakiri, ka duba Kotonu." Haka kuwa abin yake. Yaron ya dubi ubansa kamar yau ya fara ganinsa.

Labarin ya cancanci a ba da shi duka. Ran 12 ga Satumba 1942, Werner Hartenstein, kwamandan U-156, ya harbi jirgin Ingila mai suna Laconia a tekun Atilantika, arewa maso gabas da tsibirin Ascension. Mutum wajen 2700 ne a ciki, kusan 1800 daga cikinsu fursunonin yaƙi ne ƴan Italiya, wato ƙawayen Jamus, ga sojojin Folan masu gadinsu, ga mata da yara na Ingilishi. Da Hartenstein ya gane abin da ya aikata, sai ya fito sarari ya shiga tsamo mutane, bai ware Bature ɗan Italiya da na Ingila ba. Ya cika jirginsa ciki da bisa, ya ɗaure kwale-kwalen ceto yana ja. Ya aika saƙo da Ingilishi, ba a ɓoye ba, cewa duk jirgin da ya zo taimako ba zai taɓa shi ba muddin shi ma ba a taɓa shi ba. Jiragen ƙarƙashin teku biyu na Jamus da ɗaya na Italiya suka zo suka kama masa. Ran 16 ga wata, yana tafe a sarari da farar tuta mai jan gicciye shimfiɗe a kan jirgin, sai wani jirgin saman Amurka daga Ascension ya zo ya yi shawagi, ya tambayi manyansa, aka ce ya kai hari. Ya zubo bama-bamai, har a kan kwale-kwalen. Dole Hartenstein ya mayar da mutanen ruwa, ya yanke igiya, ya nutse. Jiragen Faransa da suka taso daga Dakar da Konakiri da Kotonu su suka kwashe waɗanda suka saura. Mutum wajen 1100 suka tsira, fiye da 1600 suka halaka. Washegarin harin, shugaban rundunar, Dönitz, ya ba da umarni cewa daga ranar kada wani kwamanda ya sake tsayawa ceton kowa. Hartenstein kuwa jirgin saman Amurka ya nutsar da shi da dukan mutanensa ran 8 ga Maris 1943, gabas da Barbados.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Abin da ya ce kawai shi ne: "Amma dai shi ya fara harbin." Na ce haka ne. Ya yi sallama ya tafi, bai ce na burge shi ba, bai kuma hana yaron mega ba.

Maganar tasa ta tsaya mani a rai, amma wadda ta kwance mani zani a kasuwa wata yarinya ce mai zama a layin gaba, marar yawan magana. Satin nan amsar ita ce Aleksandr Marinesko, kwamandan S-13 na Tarayyar Sobiyet, ɗan Odesa, mashayi, wanda saura kaɗan a kai shi kotun soja saboda ya bar jirginsa ya tafi shagalin sabuwar shekara. Ran 30 ga Janairu 1945 ya harba wa jirgin Jamus Wilhelm Gustloff torfido uku, wato bam ɗin da ke gudu cikin ruwa kamar kifi, a tekun Baltik, cikin tsananin sanyi. Akwai sojoji a jirgin, amma mafi yawa ƴan gudun hijira ne, mata da yara. Mutum wajen 9000 suka mutu a dare ɗaya, ninki shida na waɗanda suka mutu a Titanic da kowa ya sani. An rage wa Marinesko girma daga baya, ya mutu a 1963, a 1990 aka ba shi lambar jarumin ƙasa.

Rukunin da suka gano shi suna ta murna, ni ma ina tafa musu, har na rubuta musu maki a gefen allo. Sai ta ɗaga hannu. Ta ce: "Mushe, mu mun sha wuya sati guda mun samo sunan mutum ɗaya. Su dubu taran nan fa, sunan mutum nawa ka sani a cikinsu?"

Na yi shiru da alli a hannu. Shekara goma sha wani abu ina wannan wasa, kullum mai harbi ne ke da suna, waɗanda aka harba kuwa lamba ce da nake sa wa a alama ta biyu don a gane girman jirgi. Ba da gangan na yi ba. Haka takardun suke, domin rundunoni suna ƙirga nasarar kwamandojinsu da nauyin jiragen da suka nutsar da yawan waɗanda suka kakkaɓo, ni kuma na ɗauko ma'aunin nasu na shigo da shi aji ban duba ba. Na ce mata: "Ko ɗaya." Ta ce to, ta sauke hannu. Da ta yi mani gardama ma da ya fi mani sauƙi.

Na yi tunanin in bar wasan gaba ɗaya. Abin da ya hana ni shi ne, wasan ne ya kai ta ga tambayar. Shekarun da na yi ina ba da harda ba wanda ya taɓa yi mani irinta. Sai na nemi jirgin da zai kawo maganar kusa da gida, na kuwa samu. Ran 8 ga Yuni 1917, jirgin fasinja na Faransa mai suna Sequana, da ya taso daga Buenos Aires ya biyo ta Dakar zai je Bordo, ya gamu da jirgin ƙarƙashin teku UC-72 kusa da tsibirin Yeu. A Dakar ya ɗauki sojoji baƙar fata 400, irin waɗanda Faransawa ke kira tirayer na Senegal, ko da yake daga ko'ina cikin ƙasashen yammacin Afirka da suke mulka ake ɗebo su. Mutum 207 suka mutu, 198 daga cikinsu waɗannan sojoji ne. Ku dubi lissafin nan da kyau, malamai ƴan'uwana. Ni dai ba na shakkar cewa da yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba kafin a kai su Dakar.

Kwana biyu ya ishi ajin su kawo mani kwamandan: Ernst Voigt, wanda shi ma ya halaka da jirginsa a watan Agusta na shekarar. Suka kawo muƙaminsa da jerin jiragen da ya nutsar. A shafukan da suka buɗe, sojojin nan 198 layi ɗaya ne. Wannan karon ba wanda ya tafa.

Daga nan na juya wasan. Na ce sati mai zuwa ba ni zan kawo alamu ba. Kowa ya koma gida ya tambayi tsofaffi ko akwai wani nasu da ya je yaƙin nasara, ya haɗo mana alamu huɗu a kansa bisa ƙa'idar da muka saba: daga nesa a matso kusa, kada a ƙara abin da ba a ji ba. Da yawa sun dawo hannu wofi, tsofaffin da suka sani sun riga mu gidan gaskiya. Wata ta kawo kakan mahaifiyarta da ya tsallaka Katsina neman kuɗi, ya ƙare a sojan Ingilishi, aka kai shi Boma. Ita mai tambayar nan ba ta samu kowa ba a danginsu, amma ita ta karɓi aikin rubuta na sauran a kaye guda.

Na ƙarshe da ya tashi ɗan Alhaji ne. Ya ce babansa ne ya kai shi ƙauye a mota ranar Lahadi, wurin wata gwaggonsu da ta haura shekara tamanin. Ya buɗe takarda ya karanta: "An ɗauke ni ina noma, don mai gari ya cika lissafin da aka ɗora masa. Na hau jirgin ruwa a Dakar, na yi kwanaki ina amai, an hana mu kunna ko ashana da dare don kada na ƙarƙashin ruwa su gan mu. Na ga ƙasar da ruwa ke daskarewa a cikin buta. Na dawo da kunne ɗaya, da lambar ƙarfe da matata ta aje cikin kwalla har ta mutu. Wane ne ni?"

Wasu suka zaro salula da sauri, suka dudduba, suka mayar aljihu. Aka yi tsit. Sai yarinyar layin gaba ta ce: "Mun ba ka gari." Ya ce wane? Aka ba shi Maraɗi, ya ce nan yake zaune, a canza masa. Aka ba shi Dakar, ya karɓa. Sa'an nan ya faɗi sunan kakan babansa, da sunan uban kakan, da sunan ƙauyensu. Na ɗauki alli na rubuta su a allo, ƙarƙashin inda sunan Voigt yake tun satin da ya wuce ba a share ba. Ban kawo sunan a nan ba, don ban nemi izinin Alhaji ba tukuna.